Don zugin haƙori ya ɗauke, ba warkewa ka yi ba

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai kwana bai runtsa ba saboda haƙori, ya cusa kanumfari a kogon, ya aika yaro kemis a sayo Amoksilin da Filajil. Rannan sai zugin ya ɗauke, ya ce magani ya ci. Sau da yawa kuwa jijiyar ce ta mutu.

A tsakiyar haƙori akwai ɗan ɓargo mai laushi, cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, kuma garkuwar jiki na gadinsa. Idan ƙwayoyin cutar baki suka samu sukari, sai su fitar da ruwa mai tsami da ke cin haƙori har ya yi rami (babu wata tsutsa a ciki, don Allah mu bar wannan zance). Ƙwayoyin halittar da ke jere a bangon ɓargon, odontobilas, su ke fara gano cutar. Suna kiran agaji, har ƙarin bango suke ginawa. A lokacin nan, shan ruwan sanyi zai sa haƙorin ya yi maka zafi na ɗan lokaci ya saki. Wannan ne lokacin zuwa wurin likitan haƙori, ciko kawai zai yi, ɓargon ya farfaɗo.

In aka yi sakaci, fararen ƙwayoyin jini su kwararo, wani nau'insu da ake kira nutirofil a gaba. Sinadaran da suke zubawa don kashe cutar suna narkar da naman ɓargon shi kansa, mugunyar da ke taruwa ma yawancinta gawarwakinsu ne. Yatsa in ya kumbura yana da wurin buɗawa. Haƙori kuwa ɗaki ne ba taga, ƙofarsa 'yar mitsitsiya a ƙarshen saiwa. Kumburi ya matse jijiyoyi, jini ya kasa zagawa, kana kwanciya zugin ya ƙaru.

To maganin da ka haɗiya, ta ina zai shiga inda jini ba ya zuwa? A 2019 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ba da shawarar a daina ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Amoksilin da Filajil a yawancin ciwon ɓargon haƙori, sai in cutar ta fara yaɗuwa a jiki. Abin da ake buƙata shi ne a buɗe a wanke jijiyar, ko a cire haƙorin.

Bayan ɓargon ya mutu, cutar kan bi saiwa ta sauka ƙashin muƙamuƙi. Idan ka ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu na gagara, ka tafi asibiti a daren, domin yana iya toshe numfashi.