Ga ƙanenmu da kwanakin fitarsa suka kusa cika

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan saƙo naka ne, kai matashin da ka bar gida ka fita wata 4 a aikin da'awa na jama'ar Tabligh, markaz ɗin Raiwind, wato babbar cibiyar aikin, ya tura jama'arku ƙauyukan Punjab ko Sindh a Pakistan, yanzu saura maka kwana 20 ko ƙasa da haka. Allah ya karɓa, ya maido ka lafiya.

Wata 4 ɗin nan kwana arba'in ne sau uku. Arba'in ɗin farko fama kake da ciki da harshe: gurasar roti da miyar dal safe da yamma, yaji kamar ana gaba da kai, ga Urdu da ba ka ji sai ta bakin tafinta. A na biyu ka saba, har ka iya naɗe shimfiɗarka ka ɗaure kaya cikin ɗan lokaci idan za a tashi zuwa wani masallaci. Na ukun nan shi ne mai haɗari, domin gangar jiki tana masallacin ƙauye, zuciya kuwa ta riga ta sauka a filin jirgin Kano.

Alamun ba sa ɓuya. A mashawarar safe amir, shugaban jama'arku, ya nemi ra'ayinka, ka ce "duk abin da kuka yanke", ba don tawali'u ba, sai don abin ya fita ranka. A ta'alim, zaman karatu, kai ne mai gyangyaɗi. A jaula, zagayen gida-gida don kiran mutane masallaci, ɗan jagora (dalili) yana ƙwanƙwasa ƙofa, mai jawabi (mutakallim) yana magana, kai da ya kamata ka sunkuyar da kai kana zikiri, idonka na kan shagon yadi kana ƙiyasta farashi. Da kana rige-rigen wanke tukunya, yanzu ka koma cewa "ai jiya ma ni na yi hidima". Manzon Allah (SAW) ya ce ayyuka suna tare da ƙarshensu, kuma a Suratun Nahli, aya ta 92, Allah ya hana mu zama kamar matar da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Wata 3 ka yi kana kaɗi.

Kewar gida ba zunubi ba ce. Malik bin Huwairis (RA) ya ce sun je wurin Annabi (SAW) suna samari sa'o'in juna, suka yi kwana 20. Da ya lura sun yi marmarin iyalinsu, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya ce su koma cikin iyalansu su zauna da su, su koyar da su, su umarce su, su yi sallah kamar yadda suka ga yana yi. Bai zarge su ba, aiki ya ɗora musu. To idan kewa ta taso, ka ɗauko takarda ka rubuta sunayen mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowannensu yake buƙata. Wane ƙane ne Fatiharsa ba ta gyaru ba? Wa ke makara asuba? Kewar sai ta zama shiri.

Yawancin saɓanin jama'a a waɗannan kwanaki yake tashi, kuma kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani ya sa silifas ɗinka ya shiga banɗaki, wani ya rigaye ka wurin fanka, mai hidima ya cika barkono. Gajiya ce ta taru, kowa haƙurinsa ya yi siriri. Kada ka mayar da magana a cikin taro. Ka kai wa amir a keɓe, in kuma kai ne ka ɗaga murya, ka nemi afuwa kafin sallah ta gaba, tun abin bai kwana ba. Mutum goma da suka fito daga ƙasashe uku ko huɗu, da zarar an watse a markaz, wataƙila sai a lahira.

Kuɗi ma a nan suke ba mutane kunya. Kowa da aljihunsa ya fita, wannan ita ce ƙa'ida, amma sai ka ga mutum ya taɓa kuɗin mota da na abincin haɗaka ya sayi hula da turare da darduma. Ranar zubi ta zo, ya fara kame-kame. Ka ware kuɗin zubi na sauran kwanaki, da na motar komawa Raiwind, da na zuwa filin jirgin Lahore, da abin da za ka ci a wurin canjin jirgi, tunda ba a miƙe ake zuwa gida ba. Abin da ya rage shi ne na tsaraba, kuma sayayyar ta jira sai an sallame ku. Ko rufi 50 na kuɗin Pakistan ka ara, ka biya. Kada ka nuna wa mutanen gari buƙata, ko da harshe ko da ido. Suna da karamci ƙwarai, in suka ga alama za su ba ka, alhali ba don haka ka zo ba.

Ka duba ranar ƙarewar bizarka yau ɗin nan, ka gwada ta da ranar tikiti. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda a jaka ɗaya, littattafai kuwa nauyi gare su. Wanda ya wuce mako 4 a Pakistan ana iya neman shaidar rigakafin shan-inna a hannunsa wurin fita, ka tambaya a markaz da wuri. Sakaci da ruwan sha kuma, saboda "ai na saba", shi ke kwantar da mutum a makon ƙarshe. In gudawa ta kama ka, lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa. In ka ga jini ko zazzaɓi, a kai ka asibiti, ba wurin jarumta ba ne.

Wurin karguzari, wato ba da rahoton aikin fita, ka faɗi abin da ya faru kawai: masallatai nawa, mutum nawa suka fita, ina aka yi rauni. Ƙarin gishiri a rahoton aikin Allah ƙarya ce, ko da niyyar ƙarfafa gwiwa aka yi ta.

Sai wani abu da ke ɓata wa matasa da yawa dawowa. Ka yi watanni a bayan limaman Hanafiyya, ka ga wutiri raka'a 3 a haɗe, ka ga ana jinkirta la'asar. Mazhabarsu ce, da malamanta da hujjojinta. Garinku ma akwai tasa. Kada ka sauka ranar Laraba, ranar Juma'a kana gyara wa limamin da ya yanka ragon sunanka. Wata 4 ba ta mayar da mutum malami ba. In an tambaye ka fatawa, ka nuna gidan malam. Kuma a rage "a can kaza ake yi". Sau biyu za ka faɗa mutane su gaji.

Ka sanar da gida rana da lokacin saukarka, domin an hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare ba zato. A hanya ka riƙa maimaita "Ayibuna, ta'ibuna, abiduna, li Rabbina hamidun". Ka fara da masallacin unguwa ka yi raka'a 2, kamar yadda Annabi (SAW) yake yi idan ya dawo daga tafiya. Daga nan sai ɗakin mahaifiya, ka durƙusa ka gaishe ta, ka tambayi wanda ya riƙe cefanen gida da ba ka nan, ka je ka yi masa godiya kafin ka kwance jaka.