Gota a kan shanyar Hajiya

Ɗan yayata ne ya zo da aikin makaranta, wai kowa ya ƙera abin hawa da kara. Sauran yara na ta mota da keke, ni kuwa na ce mu sai jirgin yaƙi. Kuma ba kowane tarkace ba, Gota, wanda Jamusawa suka riƙa tasowa da shi daga Beljiyam suna yi wa Landan ruwan bom a 1917. Fukafukai hawa biyu masu tsawon sama da mita 23, inji biyu da farfelarsu a baya tana tura jirgin, mutum uku a ciki. Na haɗa nawa da karan dawa, ƙayar aduwa a madadin ƙusa, ledar burodi, da 'yan injinan tsohuwar rediyo mai kaset. Bom kuwa ƙwan zabi ne na uwargida, na ɗaure su da zare a ƙarƙashi.

Yaron ya ce, "Kawu, malam fa cewa ya yi a ɗora a tebur, ba sai ya tashi ba." Na ce jirgin da bai tashi ba ai akurki ne.

Bayan la'asar muka hau soro. Ina cikin ba shi labarin yadda Gota suka shiga Landan da rana tsaka ranar 13 ga Yuni, aka rasa mutum 162, sai iska ta fizge abin daga hannuna. Wallahi ya tashi! Ya ƙetare katanga da izza, ya karkata, ya miƙe tsakar gidan Hajiya maƙwabciyarmu, inda ta shanya dakakken barkono a tabarma.

A yi mini adalci: Gotan da Jamusawa suka rasa wajen sauka sun fi waɗanda Ingila ta harbo yawa, don da zarar ya sauke kayansa sai ya ƙi daidaituwa. Nawa ko saukewar bai yi ba, da ƙwan ya dira. Barkono ya turnuƙe, Hajiya da jikokinta har da akuya suka kama atishawa.

Na je ina durƙushe, ina atishawa ina jawo tarihi. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, da gemunka?" Mudu biyu na biya, ban da ƙwan uwargida.

A Yulin 1917 Sarki Joj na Biyar na Ingila ya sauya wa gidansu suna zuwa Winsa, saboda tsohon na Jamusanci ne, har da Gota a ciki. Shi sarki ne, sanarwa ɗaya ta ishe shi. Ni kuwa yanzu har mai shayin bakin layi Kawu Gota yake ce mini.