Ɗan ƙanina ya dawo daga Dutse da gurguzu a baki

Hutun da ya wuce ɗan ƙanina ya dawo ƙauye daga jami'a a Dutse, kuma tun daren farko aka san yaron ya ɗauko wani abu. Muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i ana hirar yadda riɗi ya faɗi da kaka, sai ya tsoma baki, wai abin da dillali ya ci a kan buhun babansa gumin manomi ne aka ƙwace aka sa masa suna riba. Ya kira Karl Marx na Jamus, ya kira Lenin na Rasha, jagororin ra'ayin gurguzu, ya ce jari-hujja ce ta sa wanda ya noma gero yake awo da tsada a watan Agusta. Uban bai ce uffan ba sai da yaron ya tashi. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya: "Yaya, anya boko bai juyar da kan yaron nan ba? An ce masu wannan ra'ayi ba su yarda da Allah ba."

Ni dai ban ga yaron ya lalace ba. Tambayar da yake yi ta girme shi, kuma a ƙasar nan aka haife ta. Harshen da yake yin ta da shi ne kawai na aro.

A ranar 8 ga Agusta 1950 matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma sanarwar Sawaba da suka fitar ta faɗi ƙiri-ƙiri cewa muradin masu riƙe da En'e, wato hukumar sarakuna, da na talakawa sun yi hannun riga. Mahaifinmu, kakan wannan yaro, ɗan NEPU ne har ya koma ga Allah, bai kuma taɓa jin sunan Marx ba. Abin da ya sani shi ne haraji da jangali, da aikin tilas a gonar masu sarauta, da ranar da aka shanya shi a rana a ƙofar hakimi saboda ya ƙi cire takalmi. Su ma a zamaninsu an kira su marasa kunya, masu raina na gaba, har akwai masu fitar da su daga addini, alhali jagoransu Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mai zama ya yi tafsiri. Na tuna wa ƙanina wannan, ya yi shiru.

Siyasar nan ta taɓa kai ga mulki. A 1979 PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano da ta gaji NEPU, ta ci gwamna a Kano da Kaduna, lokacin Jigawa tana cikin Kano, don sai 1991 aka yanke ta. Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kuma duk tsohon da ya taɓa kwana a dawa yana ɓuya daga masu karɓar haraji ya san girman wannan aiki. Amma ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. An tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a 1981, a shekarar ne kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano ta watan Yuli. Yaron ya san ranar da aka kashe Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso, amma da na ambaci Santsi da Taɓo sai ya zaci laka nake nufi.

Nan ne damuwata take. Karatunsa duk daga waya ne, guntayen bidiyo da muhawarar Facebook, kuma waya tana haɗa awaki da tumaki a turke ɗaya. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024 mun ga yara a Kano suna ɗaga tutar Rasha, kamar ba su da labarin Tarayyar Sobiyet ta wargaje tun 1991, kuma Rashar yau tana da nata manyan attajiran. Soja ya hau mulki a wata ƙasa ya zagi Faransa, shi ma an sa shi a jerin masu kishin talaka. Jin haushin Turawa daban, tsayawa ga manomi daban.

Tsoron uban ma ba a banza yake ba, gara a faɗa wa yaron gaskiya. Gwamnatin Sobiyet ta rufe masallatai da makarantun addini masu yawa a yankunan Musulmi na tsakiyar Asiya. Abin da ya fi shafar ɗan ƙauye kuma shi ne gona. Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu da dabbobinsu a hannun hukuma, yunwar 1932 zuwa 1933 ta ci miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan. Ƙasar Sin ta bi irin wannan hanya, ta sha yunwar da ta fi waccan muni daga 1959 zuwa 1961, daga baya ta dawo ta bar kowane gida ya noma rabonsa. Na ce masa, je ka gaya wa babanka ya miƙa gonar gado ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ka dawo ka ba ni labari. Ya yi dariya, ya ce, "Baffa, ai ba haka nake nufi ba." To me kake nufi? Nan ya fara sosa ƙeya.

Amma in aka bar littattafan aka dubi abin da idonsa ya gani, yaron ya gani daidai. Manomi yana cin bashi da damina don taki da ƙwadago, da sharaɗin zai biya da kaka. Kaka ta yi, kowa ya fito da kaya rana ɗaya, farashi ya zube, mai bashi yana tsaye a bakin masussuka da buhunansa. Kayan su tafi Gujungu ko Maigatari, daga can su wuce Dawanau su kwanta a sito. Wata shida, gero ɗin nan ya dawo ƙauye a kwano, da farashin da manomin bai taɓa gani a hannunsa ba. Wanda ciwo ko biki ya rutsa da shi ya jinginar da gona, shekara ta zagayo ya koma ɗan ƙwadago a gonar da ubansa ya sassabe. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, mai noman rani yana lissafin kuɗin man injin ban-ruwa kafin ya lissafa abincin gida. Takin gwamnati kuwa kowa ya san ta ƙofar wa yake shigowa.

'Yan NEPU sun shiga zuciyar ƙauye ne saboda sun kama abin da yake cin mutum a tuwo, suka kira shi da sunansa na Hausa. Shi ne na ce wa yaron, in da gaske yake, aiki na nan birjik. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A mazaɓarmu ban ji wanda ya tsayar da kansila ya tambaye shi nawa ya shigo, ina aka kai shi ba. Ushirin amfanin gona wajibi ne a kan manyan manoma, liman ma zai mara wa duk wanda ya nemi a fitar da shi a kai wa masu haƙƙi. Gayya da adashi kuwa ba sai an fassaro su daga Jamusanci ba.

Kafin ya koma makaranta ya tara samarin unguwa a ƙarƙashin darbejiyar bakin masallaci. Shawararsu ita ce kowa ya kawo tiya biyar ta gero da kaka, a ajiye a ɗaki ɗaya, in damina ta yi tsakiya a ranta wa wanda rumbunsa ya ƙare, ya mayar ba ƙari. Ina daga gefe ina ji, ko sau ɗaya bai ambaci Lenin ba. Ƙanina da kansa ya ce zai ba su aron shagon da ke jikin zaure. Har aka kira magariba suna kan gardama ɗaya: a hannun wa makullin zai zauna.