Jikinmu na Legas, siyasarmu na Kano

Assalamu alaikum 'yan uwana matasan Arewa mazauna Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, har da masu kwana a gindin tirela a Apapa. Rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta. Wanda ya iya karatu kuma ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar ta fi shafar shi.

Ban san wasu matasa a ƙasar nan da suka fi mu zafin siyasa a waya ba. Mu ne a Facebook, mu ne a TikTok, kowa yana cikin guruf biyar ko shida na WhatsApp. Amma siyasar da muke ƙona data a kanta ta garin da ba ma kwana a cikinsa ce. Garin da muke biyan haya, muke biyan tikitin kasuwa, 'ya'yanmu suke zuwa makaranta, shi kuma mun bar wa wasu su yanke mana hukunci a cikinsa, sai dai mu ji a bakin mutane.

Lokacin da rikicin masarautar Kano ya taso a watan Mayun 2024, na zauna a teburin wani mai shayi a Agege bayan sallar isha. Samari sun cika benci, kowa da waya a hannu, an rabu gida biyu. Wannan ya san abin da kotun tarayya ta ce, wancan ya san abin da kotun jiha ta ce, wani yana kunna bidiyon fadar Nassarawa yana ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito. Duk wannan ana yin sa ne ƙafafu a ɗage bisa benci, saboda magudanar ruwan da ke gaban teburin ta toshe, baƙin ruwa ya malalo har ƙarƙashinmu, sauro kuwa ba a magana. Da aka ɗan lafa na tambaya ko akwai wanda ya san sunan kansilan mazaɓar da muke zaune. Aka yi shiru. Mai shayin ne ya ce yana jin ya taɓa ganin fastarsa.

Ba na cewa a daina kula da gida. Iyayenmu na can, gonakinmu na can, kuma duk wanda 'yan bindiga suka taɓa ƙauyensu a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato ba zai iya kawar da kai ba. Lokacin da aka ƙona matafiya a mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, matasan Arewa suka cika intanet da kukan cewa Arewa na zubar da jini, mu ma na Legas da mu aka yi, kuma daidai ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ba Kano ko Kaduna duk hankalinsa, Legas kuma ya ba ta guminsa kawai.

Wasu za su ce ai mu baƙi ne. To, baƙuncin na shekara nawa? Tun a 1863 Turawa suka kafa rundunar Hausawa a nan Ikko, wadda ake kira Hausawan Glover, kuma daga cikinta sojan Najeriya ya samo tushe. Fataucin goro da layin dogo ne suka tara kakanninmu a Agege, tun jirgin ƙasa yana sabon zuwa Kano. Yau akwai gidajen Hausawa a Agege da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Yaran suna zuba Yarbanci kamar 'yan Abekuta, wasunsu ba su taɓa ganin hunturun Arewa ba. Shi kuwa kundin tsarin mulki na 1999 bai ce mana baƙi ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya ga dama a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha su ne zama ɗan ƙasa, da shekaru, da karatun sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. Babu zancen asali a ciki. Shekarun ma an rage su: tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara a ranar 31 ga Mayun 2018, ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar jiha ko ta wakilai.

Ku tuna abubuwan da suka faɗo mana a 'yan shekarun nan, ku gaya mini wanne ne aka yanke a Kano. A watan Agustan 2019 aka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da baburansu, aka tsare su, daga baya aka sake su don ba a same su da laifi ba. A Fabrairun 2020 gwamnatin jiha ta hana acaɓa da keke a manyan sassan gari. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake ɗaure dokar a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. An murƙushe babura masu ɗimbin yawa a bainar jama'a, da yawansu na bashi ne, wasu kuma an sayar da shanu ko gona aka saya. Alaba Rago ta sha wa'adin tashi da rusau. Gwamnati tana da hujjojinta na haɗurra da tsaro, kuma wasu 'yan uwanmu masu babur sun yi ganganci da rayukan mutane, wannan ba ƙarya ba ne. Amma doka irin wannan da ta shafi abincin dubban gidaje, a wurin da ake jin tsoron ƙuri'arka sai an zauna da kai, an yi maganar wa'adi, an yi maganar madadin sana'a. Mu kuwa labarin ya iske yawancinmu ne a bakin titi, lokacin da jami'i ya riga ya zare makulli.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. A zaɓen 2023 Legas ce ta fi kowace jiha yawan masu rajista, sama da mutum miliyan 7. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454, Bola Tinubu ya samu 572,606, tazarar ba ta kai dubu goma ba. A jihar da ake cewa ta gagari kowa kenan. Ku kwatanta dubu goma da jama'ar da ke shiga kasuwar Mile 12 da asuba in motocin tumatir da albasa sun iso. In wannan ce tazarar kujerar shugaban ƙasa, ta kansila fa? Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma zaɓensu shi ne wanda mutane suka fi ƙaurace wa. Ranar zaɓen, samari ƙwallo suke bugawa a kan titi. Alhali ciyaman da kansila su ne ke da hannu a kan rumfar kasuwa da tikiti da kwalbati da ƙaramin asibitin unguwa. Mu kuma katin zaɓenmu yana ƙasan akwati da adireshin Bichi ko Malumfashi. In zaɓe ya matso, mai kuɗin mota ya hau tirela ya tafi gida, marar kuɗi ya zauna yana bin sakamako a waya.

Na san dalilan da ke hana mutane, kuma ba na raina su. Na farko tsoro. An ga yadda 'yan daba suka tsorata waɗanda ba Yarabawa ba a wasu rumfuna ranar zaɓen gwamna na 2023, kuma manyanmu ba su manta da rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a 2002 ba, mu ma ba mu manta da na Mile 12 a 2016 ba. Na biyu takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Agege, in zai nemi aikin gwamnatin tarayya ko shiga soja, sai an tura shi ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takarda a wurin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Wannan tsari shi ke raɗa wa kowane ɗayanmu cewa nan ba gidansa ba ne. Amma ban ga yadda ɓuya za ta gyara ko ɗaya daga cikin biyun ba. 'Yan ƙabilar Ibo ma suna fama da su, duk da haka a 2015 sun ci kujerun majalisar wakilai daga Legas, saboda sun yi rajista a inda suke zaune kuma sun fito. Mu ma da aka ga muna da amfani, an ba Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina a wa'adin farko na Gwamna Sanwo-Olu.

Tsarin da muka gada shi ne a bar komai a hannun sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa. Allah ya saka musu da alheri, sun kashe wutar rigingimu da yawa, sun fito da mutanenmu daga ofishin 'yan sanda da tsakar dare, sun yi jana'izar waɗanda ba su da kowa. Ba na goyon bayan yaron da zai buɗe TikTok ya zagi dattijo. Sai dai tsarin yana da iyaka. Ɗan siyasa ya zo fada sau ɗaya, a ɗaura masa rawani, a raba shinkafa da atamfa, a ce masa Arewa na bayansa, shi kenan sai bayan shekara huɗu. Ba a rubuta alkawari ba, ba wanda zai bibiya. A nan ne aikin matashi mai waya yake: ya ɗauki bidiyon alkawarin da bakin mai shi, ya adana, ya nemo kasafin kuɗin jiha da ake wallafawa a intanet ya duba ko titin unguwarsu na ciki, ya je wa dattawa da shi a hannu. Wannan ƙarfafa fada ne, dattijo mai hankali zai yi murna da shi.

Kada wani ya ce wannan aikin 'yan boko ne na Lekki. A 2012 gubar dalma tana kashe yara a Bagega ta jihar Zamfara, kuɗin aikin tsaftace garin sun maƙale. Hamzat Lawal da abokansa, matasa ne a lokacin, suka je suka ɗauko hotuna da bayanai, suka dami gwamnati a intanet har aka saki kuɗin a farkon 2013. BudgIT, masu fassara kasafin kuɗi yadda talaka zai gane, a nan Yaba suka fara a 2011. Dokar 'yancin samun bayanai ma tun 2011 take. Kayan aikin duk suna nan.

Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta nuna mana fuska biyu na wayar nan. Matasa sun tara kuɗi, sun samo lauyoyi da likitoci da abinci ta intanet, har gwamnati ta sanar da rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga wata. Sai harbin da aka yi a wurin masu zanga-zanga a Lekki ranar 20 ga wata, sai gari ya rikice. A cikin wannan ruɗani rikici ya ɓarke a Fagba, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiyar mutanenmu da ta maƙwabtanmu. Duk wanda ke cikin guruf a makon nan ya san irin saƙonnin murya da suka riƙa yawo: ana kashe Hausawa a wuri kaza, ga hoto, alhali wani hoton na wata shekara ne, wani ma ba na ƙasar nan ba ne. Wanda ya tura yana kwance a ɗakinsa a Arewa, wanda zai kwana da fargaba yana Iju da mata da yara. Saboda haka tantance labari kafin a tura shi, a wurinmu mazauna Kudu, maganar rai ce. In ka ji an ce ana faɗa a Ketu, kira ɗan uwan da ke Ketu tukuna.

Akwai wata baiwar Allah a Idi-Araba da nake jinjina wa. Ta gama sakandare a nan, tana sayar da kayan ɗinki. Duk sanarwar da ta fito da Turanci ko Yarbanci, ta rigakafin yara ce, ta rufe hanya ce, ta rajistar katin zama ɗan Legas na LASRRA ce, sai ta karanta, ta yi saƙon murya na minti biyu da Hausa, ta faɗi rana da wuri da abin da za a riƙo, ta tura guruf ɗin matan Islamiyya. Daga nan mazajensu suke ji. Ba ta da mabiya dubu ɗari, ba ta rawa a bidiyo, amma matan layinsu sun daina zuwa asibiti a ce musu an gama jiya. Yawancin masu dako da masu baro da 'yan gwangwan ɗinmu ba sa karanta boko, amma babu wanda ba ya sauraron saƙon murya. Da a ce kowace unguwa tana da mutum uku irinta, da dokar acaɓa ba ta zo wa kowa a ba-zata ba.

Maganar kati kuma ta yi sauƙi yanzu. Tun 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin da ake fara rajista ko neman sauya rumfar zaɓe ta waya, a duk lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe. Ba sabon kati za ka yi ba, yin rajista sau biyu laifi ne, sauya wuri za ka nema. Mai babbar waya ya zauna a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya cike wa mutum goma, bai yi asarar komai ba sai 'yar data. Amma a faɗa wa kowa gaskiya kafin a taɓa masa kati: in ka dawo da shi Agege, ka bar zaɓen gwamnan Kano ko na Katsina kenan. Wanda ya zo cin rani na wata uku zai koma gona da damina, ya bar katinsa a gida, can ne rayuwarsa take. Amma kai da ka yi shekara goma a nan, matarka na nan, 'ya'yanka na makarantar gwamnati a nan, haya kake biya duk shekara a nan, ina roƙonka ka dawo da katinka kafin a rufe rajistar zaɓe mai zuwa, ka kuma nemi sunan kansilanku da lambar ofishinsa ka saka a guruf ɗin unguwa.