Ƙannena, tsoka tana sauri, jijiya ba ta sauri

Assalamu alaikum ƙannena samarin Garwa, musamman ku da nake gani da la'asar kuna reto a reshen darbejiya, ɗaya na gefe da waya yana ɗauka. Ni tela ne, amma na haura shekara goma ina motsa jiki a tsakar gidanmu. Akwai abin da gwiwar hannuna ta dama ta koya mini, ina so in gaya muku kafin taku ta koya muku.

Bari in fara da ƙorafin da kullum nake ji: "Yaya, ai ba mu da kaya." Wane kaya? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 kuwa babu gidan da ba ta. Ga bango, ga daɓe, ga benci, ga jikinka da kake yawo da shi, kilo sittin ko saba'in. Francis Ngannou da kuke manna hotonsa, yashi ya riƙa haƙa a ƙauyensu Batie na Kamaru tun yana ɗan shekara goma, sai a 2021 ya ɗauki kambun masu nauyi na UFC, babbar gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa. Ban ce haƙar yashi ce ta ba shi kambu ba, ya sha horo a hannun masana daga baya. Amma bai zauna jiran a gina masa ɗakin ƙarafa ba. Rashin kaya ba shi ke kayar da ku ba. Gaggawa ce.

'Yan wasan jimnastik da kuke kwaikwayo, masu buɗe hannu a kan zobba su tsaya cak kamar an kafe su, yawancin ƙarfinsu da nauyin jikinsu suka gina shi. Dabarar kuwa kowa ya santa, bai dai lura ba. Ɗauki jarkar nan ka rungume ta a ƙirji, za ka iya tsayawa ana hira. To miƙa hannu da ita gaba. Ruwan bai ƙaru ko ɗigo ba, amma kafaɗarka ta ce ba ta san zancen ba. Nisan kaya daga gaɓa shi ke ƙara masa wuya. Haka suke yi da jikinsu: yau mutum ya dafa ƙasa ya ɗaga jikinsa da gwiwoyi a naɗe a ƙirji, bayan watanni ya ɗan sake su baya, bayan wasu watannin ya ware ƙafafu, can gaba ya haɗe su a miƙe. Kowane mataki ƙarin nauyi ne, ba tare da an sayi ƙarfe ko na dala ba. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nuna muku shi ne, galibinsu tun suna yara ƙanana suka fara, kuma tsakanin matakin farko da na ƙarshe shekaru ne.

Ga inda maganar take. Tsoka jini na kai mata da yawa, shi ya sa take saurin amsawa. Ka yi mako shida kana jan jikinka sama a sanda, za ka ga damtse ya fara cika hannun riga. Amma jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ta riƙe gaɓa, jinin da ke isa gare su kaɗan ne, suna ƙarfafa a hankali cikin watanni, in sun ji rauni kuma haka suke warkewa a hankali. Sai ya zama kana da injin da ya fi ƙarfin sarƙarsa. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur ya san ƙarshen wannan. Kuma atisayen da ake yi da hannu a miƙe sak, irin tsayuwar tuta a jikin turke ko kwanciya a iska a ƙarƙashin sanda, nauyinsu a kan gwiwar hannu da kafaɗa yake sauka kai tsaye.

Ni tutar ce ta ci ni. Ina iya jan jiki sau goma sha biyu a lokacin, na ɗauka na isa. Mako biyu ina gwadawa kullum a jikin turken rumfar shagonmu, abokai na zuga ni. Na fara jin wani ɗan zafi a cikin gwiwar hannu, na ce tsamin jiki ne. Ranar da na kasa danna almakashi a kan yadi biyu a haɗe, ranar na san ba tsami ba ne. Wata biyar ban rataya a sanda ba, a ciki har da ɗinkin sallah, wanda rabi na miƙa wa yaran shago ina kallo. Su abokan da suka zuga ni, ko sannu sai da na roƙa.

Saboda haka ku koyi bambance ciwo biyu. Tsamin jiki a cikin naman yake, yana zuwa washegari ko bayan kwana biyu, yana tafiya cikin kwana uku zuwa biyar, kuma in jiki ya ɗumama yakan lafa. Wannan ba komai. Amma zafin da za ka iya ɗora masa yatsa ɗaya ka ce "nan ne", a kan gaɓa, mai suka kamar allura, wanda yake ƙaruwa in ka ci gaba, wannan ka tsaya nan take. In ya kumbura ko ya ƙi sauka, asibiti za ka. Kuma don Allah, kada in ji wani ya haɗiyi tiramol don ya samu ya ƙarasa atisaye. Ƙwayar ba ta gyara jijiya, kunnenka kawai take toshewa kada ka ji kukanta, ga jarabar shanta, ga jijjiga irin ta farfaɗiya da take jawo wa masu zarce ƙima. Mun ga yadda ta mayar da samari a garin nan, ba sai an ba mu labari ba. Allurar kumbura ƙwanji ma haka, tana taɓa hanta, tana rage ƙwayar haihuwa. Wanda bai yi aure ba ya yi lissafi.

To me za a yi? Ni abin da nake sa duk yaron da ya zo wurina, wata ukun farko babu abin ɗauka a waya. Minti goma na ɗumama jiki, rabinsu a kan wuyan hannu: a durƙusa, a dafa ƙasa, a riƙa sunkuyawa gaba da baya, yatsu na kallon gaba, sannan na kallon gwiwa. Sai ture ƙasa, wanda masu Faransanci ke ce wa pomp, jiki a miƙe kamar taɓarya, ƙirji ya kusa taɓa daɓe. Goma masu kyau sun fi arba'in na kaɗa kai kamar ƙadangare. Sai rataya a sanda kawai, daƙiƙa talatin. Wanda bai iya jan jikinsa ba ya taka kujera ya hau, ya sauko a hankali yana ƙirga biyar. Sai a kwanta rigingine, a manna ƙugu da ƙasa yadda ko tafin hannu ba zai shiga ba, a ɗaga kafaɗu da ƙafafu kaɗan a riƙe. Wannan kwanciyar da kuke rainawa ita ce gindin duk wata tsayuwa da hannu. Ƙafa kuma kada a manta da ita: rungumi jarka, ka tsuguna ka miƙe. Babu abin ban dariya kamar ƙirjin ɗan dambe a kan ƙafar zalɓe.

Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu ko fiye ta ce a riƙa ƙarfafa tsoka a mako, ba ta ce bakwai ba. A lokacin hutu da barci jiki ke gina abin da ka rusa. Ba a ƙara mataki sai wanda kake kai ya zama kana yinsa kana amsa sallama.

Abin ratayar ma a duba shi. Azarar ɗaki ba sanda ba ce, gara na cin ta ta ciki tana barin bayanta lafiya lau. Bututun ƙarfe mai kauri a wurin mai walda, turaku biyu a binne da siminti, shi ke nan an gama har 'ya'yanka. Mai son zobba ya rataye su da igiya mai ƙwari, tsakaninsu santimita 50 kamar na gasa, amma ƙasa-ƙasa yadda ƙafa za ta taɓa daɓe. Farkon aiki a kansu shi ne ka dafa ka tsaya kawai. Za ka sha mamakin yadda hannu zai riƙa rawa.

Abinci ba sai gwangwanin garin da ake tallatawa ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, da kifin Lagdo in aljihu ya yarda. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, wanda ya fito atisaye da azahar shi ya so. Bayan asuba ne lokacin, da gorar ruwa a gefe. Da azumi kuma a rage, a mayar da shi bayan an sha ruwa.

Na san wani zai kawo mini hadisin nan na Muslim, cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri, ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni. Haka ne, ni ma shi nake karanta wa masu ce mana 'yan wasan banza. Sai dai na ga mai iya tsayawa da hannu minti guda, amma Inna ta aike shi ɗebo ruwa ya ce kafaɗarsa na hutu. Jarkar dai ita ce, nauyinta bai canja ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ina bakin sandar da muka kafa a bayan shago, in Allah ya kai mu. Mai zuwa ya taho da tabarma da ruwansa. Wayar a bar ta a caji.