Samanjan Unguwarmu da Tarihin da Ba a Rubuta Ba

Duk wanda ya tashi a Jos ya san sunayen manyan hafsoshin da Filato ta haifa, tun daga Janar Yakubu Gowon har zuwa su Domkat Bali da Joshua Dogonyaro na Langtang, amma da wuya a sami wanda zai iya kawo sunan kofur ɗaya ko saje ɗaya daga cikin dubban da suka yi aiki a ƙarƙashinsu. Wannan ne ke damuna a duk lokacin da na zauna da wani dattijo maƙwabcinmu a Unguwar Rogo, wanda yara da manya ba su san shi da wani suna ba sai Baba Samanja.

Ya shiga soja a shekarar 1968, yaƙin basasa na tsaka da ci, lokacin da ake ba kurtu horo na gaggawa a tura shi filin daga. Ya ce da shi da abokan tafiyarsa ba su gama sanin bindiga ba suka fara jin ƙararta a kansu. Da aka ajiye makamai a watan Janairun 1970 bai tuɓe kaki ba. An tura shi Lebanon cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan a 1990 ya bi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, zuwa Monrovia, babban birnin Laberiya, inda Dogonyaro ya riƙe ragamar dakarun. Saliyo ce kaɗai ba ya son a tsawaita hira a kanta, duk da cewa yana cikin waɗanda suka share hanya aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998. Idan aka matsa masa, sai ya ce, "Ɗana, bar wannan," ya shiga wani zancen.

Kwamandan da ya jagoranci wancan aiki, Birgediya Janar Maxwell Khobe, ya rasu a shekarar 2000, kuma barikin Rukuba da ke kusa da Jos na ɗauke da sunansa a yau. Ya cancanci hakan, ba na jayayya. Tambayata ita ce, ina aka ajiye labarin wanda ya fara da igiya ɗaya, ya shafe shekara 35 yana sara wa na gaba da shi, yana kwashe iyali daga wannan bariki zuwa wancan, har 'ya'yansa suka yi firamare a garuruwa huɗu?

A ganina ba kuɗi kaɗai ake bin 'yan mazan jiya bashi ba, ko da yake ganin tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya yana bin layin tantancewa saboda fansho abin kunya ne a gare mu duka. Ana bin su bashin saurare. Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a yi fareti, a ajiye furanni, a saki tantabaru, kowa ya watse. Jami'ar Jos na da sashen nazarin tarihi, kuma kowane ɗalibi na riƙe da wayar da za ta iya naɗar murya, alhali waɗanda suka ga 1968 da idonsu suna raguwa kowace shekara.

Ni dai na fara nawa. Ranar Asabar da ta wuce na je da wayata bayan la'asar, Baba ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ya fito da lambobin yabonsa a naɗe cikin ƙyalle, ya jera su a kan tabarma. Mun tsaya a Lebanon aka kira magariba.