Ranar da "split" ta sa na tona wa kaina asiri

Ni dai a iya Turancina, "split" iri biyu na sani. Akwai na'urar sanyaya ɗaki da masu gyara ke kira sifilit, rabinta a ɗaki, rabinta a bayan bango. Sai kuma wanda nake gani a labaran 'yan ƙwallon Turai: wane da wance sun yi "split", wato zama ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Ranar Asabar na kai wadda zan aura cin abinci a Wuse II. A Ingila ta yi digirinta na biyu, Turanci a bakinta kamar an kunna famfo. Muka ci shinkafa da kaza, hira ta yi daɗi. Yaron wurin ya ajiye takardar kuɗi, naira dubu 34. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce a hankali, "I think we should split."

Gabana ya faɗi. Akwati huɗu na lefe na riga na haɗa, an sa rana bayan Babbar Sallah.

Na ce, "Haba ranki ya daɗe, a kan kaza? In maganar saƙon da ban amsa ba ce, wallahi caji ne ya ƙare."

Ta yi shiru tana kallona. Shirun ya ƙara ruɗa ni, bakina ya ƙi tsayawa. Na faɗa mata ranar da na ce aiki ya riƙe ni, gidan kallo na je ganin Arsenal. Turaren da na ce daga Dubai aka kawo min, a kasuwar Wuse na saya, har da ragin ɗari biyar. Yaron nan yana tsaye da POS a hannu, ya ƙi matsawa, kamar mai jiran ƙarshen fim.

Sai ta ce, "Malam, kuɗin abincin nake nufi. Kai dubu 17, ni dubu 17. Haka muke yi a can."

Ashe kalma ɗaya ce ke faskara itace, ta raba kuɗi, ta raba masoya. Amurkawa ma in sun ce "let's split", tashi mu tafi suke nufi. A mota ta yi min wannan karatun, ina tuƙi ina gumi duk da sanyin da na kunna.

Kuɗin dai ni na biya duka, don ba za a ji a unguwarmu na raba kuɗin kaza da budurwa ba. Da muka isa ƙofar gidansu, ta buɗe mota, ta juyo.

"Turaren nan, a wane layi ne cikin kasuwar? Zan saya wa maigadinmu."